Ƙugiyar da Tsatsa Ta Cinye

Na binne mutane da yawa da hannuna, kuma yawancinsu fuskokinsu sun ɓace mini. Amma akwai wani tsoho da ba zai fita daga raina ba har ranar da za a kai ni nawa ramin. Sau biyu kacal na yi magana da shi a duniya.

Abin ya faru bayan canjin hannun tuƙin mota da kamar shekara uku. Lokacin ina Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, ina da 'yar rumfa a bakin titi, gyaran famfo nake yi. Yunwa ce ta koro ni daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Na yi dako, na yi leburanci, na yi haƙan shadda, kafin wani Bayarabe ya ji tausayina ya koya mini wannan aiki. Ba ni da yawan magana, in kuma na yi ta ba na taunawa. A lokacin ina ganin wannan abin yabo ne.

Tarauni ta wancan zamani ba ita ce ta yau ba. 'Yan sababbin gidajen ma'aikata ne a jere, bayansu kuwa gonaki har Darmanawa. Gidajen suna da masai na ruwa, da tankin ƙarfe can sama kusa da rufi, sarƙa tana lilo a gefensa. Babu wani abin mamaki a cikin tankin. Akwai ƙwallon tagulla da ke yawo a kan ruwa, in tanki ya cika sai ya taso ya toshe bakin famfo. Akwai kuma wani ƙarfe mai nauyi kamar kwano a kife, sarƙa ke ɗaga shi, in ka saki ya faɗa ya tura ruwa ƙasa. In tanki yana tsiyaya ba tsayawa, ko robar bakin famfon ta cinye, ko ƙwallon ya huje ya sha ruwa ya nutse, kana girgiza shi za ka ji. In ya ƙi cika, galibi yashi ne ya toshe hanya. Amma duk wannan sai ka hau ka ɗaga murfi. Wanda ya koya mini aiki bai taɓa barina na faɗi ciwon tanki daga ƙasa ba.

Wata Litinin da sassafe wani akawu ya tsaya da babur a gaban rumfata. Na san shi, na taɓa yi masa aiki da damina. Ya ce tankinsa ya ƙi sakin ruwa, in hau mu je kafin ya wuce ofis. Na ɗauki jakar kayan aiki na bar tsani, don babur ba ya ɗaukarsa. A hanya yake gaya mini ya ɗauko mahaifinsa daga ƙauye saboda ciwon fitsari. Ana yi masa allurai, likita ya sa ranar da za a yi masa aiki, kuma ya ce kafin nan ya dinga shan ruwa da yawa.

Mun tarar da tsohon a ƙofar gida kan tabarma, sandarsa da butarsa a gefe. Dogo ne, ciwo ya rage shi, amma idonsa da rai. Na durƙusa na gaishe shi.

"Samari, mutumin ina ne?"

"Katsina, Baba."

"Ashe bawana ne ya zo! Ni Bahaɗeje ne. Ƙara durƙusawa, wannan ba ta isa ba."

Na ce, "Baba, da na matso kusa, amma ƙarnin kifi ya hana ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wa ɗansa, "Ka ji ɗan banza ko? Tun da na zo garin nan sai yau na sami mutum." Tsakanin Katsinawa da Haɗejawa wasa ne tun kakanni, kowa ya faɗa wa kowa, ba fushi. Na ji daɗinsa ƙwarai. Wannan jin daɗin shi ya ja ni.

Banɗakin yana cikin gida, ƙofarsa na kallon madafa. Matar gidan tana tsaye da bokiti, ta ja mayafi. Ta ce tun asuba ya ƙi, sai da bokiti take korawa. Na kama sarƙar na ja, ta biyo ni sakayau, babu nauyin komai. Na san wani abu ya rabu a sama. Ga turmi a tsakar gida, da na kife shi na taka da na gani. Ban yi ba. Maigida yana duba agogo, ni ma wani aiki na jirana a Hotoro. Sai na tambayi abin da bai shafe ni ba.

"Wa ya shiga ƙarshe?"

Matar ta sunkuyar da kai. Ban lura ba ashe tsohon ya biyo mu da sandarsa, yana tsaye a bayana.

"Ni ne," ya ce.

Na kwashe da dariya, na ɗaga murya. "Ai na sani! Baba, wannan fa sarƙa ce, ba igiyar guga ba. Bahaɗeje ya ɗauka kifi ne ya kama, ya finciko da ƙarfinsa duka. An saba da bayan gari, an zo birni za a rushe wa mutane gida."

Maigida ya yi wani murmushi da ba na daɗi ba. Matar ta ajiye bokiti ta shige madafa. Tsohon ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ci, Bakatsine." Ya juya ya fita.

Bai rama ba. Da ina da hankali da nan na gane. Abokin wasa ba ya barin magana ta kwana a kansa, ko a gadon mutuwa yake sai ya mayar. Ni kuwa sai na ce wa maigida ƙugiya ce aka tsinke, zan samo wata in dawo, na saɓi jakata na tafi ina jin na yi nasara.

Sai Alhamis na koma, da tsani ɗaure a keke. Babu tabarma a ƙofar gida. Na yi sallama, matar ta ba ni izini daga ciki. Na kafa tsani na hau, na ɗaga murfin. Ƙugiyar da ke haɗa hannun sarƙa da ƙarfen nan mai nauyi tana kwance a gindin ruwa, gida biyu. Na tsamo ta. Tsatsa ta cinye ta har ta koma kamar tsinken tsintsiya, na murza ta da yatsa tana marmashewa. Ba ƙarfi ne ya karya ta ba, ko kaza ce ta taɓa sarƙar ranar sai ta tsinke. Kuma na san ƙugiyar. Da damina, da na canza robar wannan tanki, na gan ta ta yi ja, na ce a raina za ta ƙara kai wani lokaci, na mayar da murfi.

Ina zaune a kan tsanin na ce, "Uwargida, ina Baba?"

Daga bayan ƙofa ta ba ni amsa. Ta ce tun ranar bai sake taka banɗakin ba. Sai ya ɗauki buta ya dogara sanda har cikin gonaki, ya dawo yana haki, kafin ya huta fitsarin ya sake matso shi. Da ya ga ƙafa ba za ta iya ba, sai ya daina shan ruwa. Jiya Laraba bayan sallar asuba ya ce a kai shi tasha, in ba haka ba zai tafi da ƙafa. Ɗansa ya yi roƙo har da hawaye.

"Ni fa ban ce komai ba, Malam," ta ce. "Wallahi ko sau ɗari ne zan kora masa. Ubana ne."

Na lanƙwasa sabuwar ƙugiya ta tagulla na saƙala. Aikin bai kai tsawon alwala da salla ba. Na ja sarƙa, ruwa ya sauko da ƙarfi, tanki ya cika, ƙwallo ya taso ya tsayar da shi. Babu wanda ya zo ya gani.

Na jira maigida har ya taso daga aiki, na nuna masa guntayen tsohuwar ƙugiyar a tafin hannuna. Ya dube su ya ce, "To me zan yi da wannan?" Na ce, "Kai ni wurinsa."

Ran Asabar muka shiga mota, ba mu isa ba sai bayan la'asar. Muka same shi kwance a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, leɓensa ya bushe. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ɗansa ya tallafe shi. Na durƙusa na sa masa guntayen ƙarfen a hannu.

"Baba, ba kai ka karya ba. Tsatsa ce. Na gan ta tun damina na bari. Laifina ne, kuma ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Ya juya su a hannunsa, jan tsatsar ya ɓata masa yatsu. Ya ce, "Na ji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ɗansa ya ce, "To Baba, sai mu koma gobe. Larabar nan ce ranar aikin."

"Je ka ka sa a kawo wa baƙo ruwa," ya ce masa.

Da ya fita, tsohon ya yafito ni na matso. Ya yi magana a hankali.

"Kai ɗan ƙauye ne kamata, za ka gane. Ba ƙarfen nan ne ya koro ni ba. Tun da na yi wayo babu mahalukin da ya taɓa ganin abin da na bari a bayana. Ran nan matar ɗana ce ta ɗauki bokiti ta kora. Ta sani, na sani. Da an yi shiru, da ni da ita sai mu yi kamar ba a yi ba, har in mutu. Sai ka tambaya, na amsa a gabanta. Da wane ido zan sake karɓar tuwo daga hannunta?"

Na ce masa na iya haƙan shadda. Na ce kwana biyu sun ishe ni in haƙa masa tasa shaddar a bayan gidan ɗansa, in kewaye da zana, ba sarƙa ba bokiti, ba kuma wanda zai ga shigarsa ko fitarsa.

Ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, samari. Amma ta riga ta ji."

Washegari muka dawo Kano mu biyu, ni da ɗansa. Tsohon bai kai wata ba ya rasu. A bakin wani maƙwabcinsu na ji. Na je na yi ta'aziyya, maigida ya karɓi hannuna ya amsa da amin. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, bai kuma sake kirana aiki ba.

Malamai sun ce mini kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma na san wanda ya tashe shi daga inda magani yake.

Na yi shekaru da yawa ina wannan aiki bayan haka, tankin ƙarfe ya wuce, na roba ya zo. Abin da tsohon nan ya bar mini shi ne, wanda ya kira ka cikin banɗakinsa ya buɗe maka asirin gidansa ne, aikinka ka gyara ka rufe. Ban sake faɗin ciwon tanki ba sai na hau na gani da idona, kuma ban sake tambayar wa ya shiga ƙarshe ba. In masu gida suka matsa mini sai na faɗi wanda ya ɓata, ina ce musu tsatsa ce, ko da ba ita ba ce.