Manniru da Turawan da Suka Ƙi Waƙarsu

Manniru bai taɓa wuce Lokoja ba, amma in ana hirar Ingila a Durumi, shi ne jakada. A Gwagwalada aka haife shi, ya bar sakandare a tsakiya saboda, a cewarsa, Turancin malaman yana ɓata masa kunne. Daga nan ya buɗe ɗan shago yana tura wa mutane waƙoƙi a waya, ranar Asabar kuma ya ɗauki lasifika ya tafi sa kiɗa a gidan biki.

Ingilarsa duk da waƙa ya gina ta. Yana yaro ya tsinci wani tsohon kaset a motar kawunsa, Turawa masu jita suna ta kukan ruwan sama da budurwar da ta gudu. Tun ranar ya yanke hukunci cewa mutumin Ingila ba ya ihu, ko zuciyarsa za ta fashe sai ya nemi izini tukuna. "Ku saurari gangarsu," yakan ce wa masu jiran waya. "Ita ma layi take bi." Ana zafin da ƙwai zai dahu a aljihu, shi yana cikin kwat yana kurɓar shayi ba suga.

Sai ga Madam Patricia, babba a wata ma'aikatar tarayya, ta kawo aiki. Ɗanta Meshach ya gama karatu a Ingila zai yi aure, abokansa na can za su zo. Ta ce in baƙin suka ji daɗi, bikin ƙarshen shekara na ofishinsu nasa ne. Manniru ya san duk wanda ya shiga wannan ƙofa ya rabu da kiɗan bikin suna a lungu da janareta mai tari. Ya share duk waƙoƙin Naija daga kwamfutarsa, wai kada a kunyata ƙasa gaban baƙi.

Ranar liyafa baƙi na shigowa ya saki waƙar masu jita. Zauren ya yi tsit har ana jin cokali na taɓa faranti. Wata tsohuwa ta fara tambayar wa ya rasu. Can ango ya taho da wani dogon Bature cikin kaftani, yaji ya mai da shi ja.

"Oga DJ," in ji Meshach, "abokina Leonard na tambaya ko lafiya. Wai rabonsa da wannan waƙar tun jana'izar kakansa."

"Gaya masa waƙar ƙasarsu ce."

Leonard ya yi dariya ya miƙo wayarsa. Manniru ya kara a kunne, ya ji ganga na gudu kamar an biyo ta, ga Turancin buroka.

"Ango, wannan ai ta Legas ce."

"A Landan aka haifi mawaƙin. Uwarsa 'yar Ibadan, makaɗin ɗan Jamaika. Ita ake ji a unguwarsu."

"To ina Ingilar a ciki?"

"Ga ta nan tsaye gabanka, rawa take so."

Manniru ya gyara kwat ya fara yi wa Bature bayanin tarbiyyar Turawa. Bai kai rabi ba Madam Patricia ta iso tana huci.

"Manniru, abeg, ba lacca na ɗauko ka ba."

Da hannunta ta zare igiyar daga kwamfutarsa ta jona a wayar Leonard. Zaure ya tashi. Turawan suka fi kowa tsalle, kaftanin Leonard ya jiƙe sharkaf. Aikin Manniru ya koma riƙe wayar wani, yana dannawa kada ta kulle.

Da Disamba ta zo, wani DJ ɗan Karmo aka ba bikin ofishin. Manniru ya koma bikin suna a lungu, kuma har yau bai yarda shi ya yi kuskure ba. Cewa yake Madam ce ba ta duba fasfon mutanen ba.