Ranar da Tukunyar Chencha Ta Yi Fushi

Matata Chencha tamal take sayarwa a nan garin Atlixco tun kafin in aure ta. Ƙullin masara ne da nama da miyar barkono, a naɗe cikin ɓawon masara a turara, kuma wanda ya ci nata ba ya ƙara kallon na wata. Amma fa bakinta, tabɗijan! Ni Abundio na fi kowa sani, don ni nake faskara mata itace.

Kowa a nan ya san tamal ba ya son fushi. In mai dafawa ta ɗora tukunya ranta a ɓace, wasu su nuna, wasu su tsaya ɗanye, ko da za a ƙone itacen garin kaf. Shi ya sa Chencha take wanke ni tas da sassafe, ta juye duk abin da ke cikinta a kaina, sannan ta shiga madafi tana murmushi. Na daɗe da ɗaukar wannan a matsayin aikina na biyu.

Bikin Candelaria shi ne yake neman kashe mu. A farkon Janairu ake yanka burodin biki da aka ɓoye wa 'yar ƙaramar 'yartsana a ciki, wanda ta faɗo a yankansa shi zai ciyar da jama'a tamal ranar Candelaria, a farkon Fabrairu. Rabin garin kuwa wurin Chencha suke zuwa. Sai ta yi kwana da kwanaki ba ta zauna ba, a tsaye take cin abinci, tana naɗe wannan tana ɗaure wancan, tana amsa wa mutum uku da baki ɗaya.

Bara, ana tsakiyar wannan hargitsi, saƙo ya zo daga yayarta Eduviges. Su biyun sun daina magana tun rasuwar mahaifiyarsu, a kan wadda za ta ɗauki keken ɗinki. Wai 'yartsana ta faɗo mata, tana son tukunya guda.

Chencha ta ce, "Ji min mata! Masu tamal na garin nan duk sun mutu ne?"

Amma na ga ta ware ɓawo masu faɗi, ta ƙara nama. Na san in tukunyar nan ta yi kyau, ƙila su shirya. In kuwa ta fito ɗanya, Eduviges za ta ce da gangan aka yi mata, shi ke nan sai a lahira.

Tukunya kuwa ta ƙi. Sauran duk sun nuna an kwashe, ita ko gezau, ka buɗe ɓawo ka ga ƙulli caɓal. Maganin abin ɗaya ne tun kakanni, a yi wa tukunya rawa har ta huce.

"Tsoho, tashi ka taka."

"Ni nake fushin?"

"Kai dai ka taka, kana cika ni da surutu."

Na taka da gwiwar nan tawa mai ciwo, a banza. Sai ita ta ɗaure zani ta shiga zagaya murhu, fuska a murtuke kamar mai zuwa kotu. Ana haka Eduviges ta shigo da kwandonta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Ta ce, "Wannan ce rawar? Ai ko ni ce tamal ɗin ba zan nuna ba. Matsa ki gani."

Tsohuwar nan ta ajiye kwando ta fara juya ƙugu. Chencha ta so ta daure, ina! Dariya ta ƙwace mata. Suka zagaya murhu suna bangazar juna har tari ya kama su, suka zube a kan buhunan masara suna haki.

Chencha ta ce, "Yaya, da gaske ke 'yartsanar ta faɗo wa?"

"Ina fa! Maƙwabcina ta faɗo wa, na gan shi yana shirin haɗiye ta don kada ya ciyar da kowa. Na ce, tofo min ita nan, ina da inda zan kai ta."

Chencha ta sunkuyar da kai, ta goge ido ta ce hayaƙi ne. Ni ma hayaƙin ya shiga nawa idon, ba zan ɓoye ba.

Akwai kwabon da ake jefawa a ƙasan tukunya, muddin yana ƙara to ruwa bai ƙone ba. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna sauraren ƙwal-ƙwal ɗinsa, Eduviges tana ba ta labarin jikokin da ba ta taɓa gani ba. A waje kuwa layi ya kai bakin titi, ana ta doka sallama.

Na ce, "Tsohuwa, mutane fa suna jira."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Su jira. Ba ka ga yayata na magana ba?"