Fayil ɗin da Na Sa wa Suna Jogirafi

Shagon Baba yana Bosso, cikin jerin shagunan da ke kallon titin jami'a, tsakanin wani mai ɗaure littattafai da wata mai sayar da shinkafa da wake. Kwamfuta ɗaya muke da ita, da firinta, da injin kwafe takardu wanda sai an ɗan bubbuga gefensa yake yarda ya ja takarda. Aikinmu buga wa ɗalibai da malamai rubutu. Lokacin ina aji huɗu na sakandare. In an tashi daga makaranta shagon nake wucewa, sai bayan la'asar mu kama hanyar gida Tudun Fulani, ni da Baba.

Ba ni da surutu. Wasu ɗaliban sun shekara suna zuwa ba su ji muryata ba, ban da gaisuwa. Amma ina kallo, kuma abin da na gani yakan tsaya mini a maƙogwaro sai na rubuta shi. Idan Baba ya tafi masallaci sai in buɗe wani fayil da na ɓoye cikin tarkacen aikin mutane, in zuba abin da na tara a ranar. Na sa masa suna "Jogirafi zango na biyu", don na tabbata ba wanda zai yi marmarin leƙa shi.

A ciki akwai mai shinkafa, da yadda take ƙara wa masu sanye da takalmi sau-ciki nama ba tare da ta sani ba. Akwai ɗalibin da ke kawo wasiƙa iri ɗaya a buga masa, sunan yarinyar kawai ake canzawa. Akwai malamarmu ta Turanci da agogonta da ya tsaya tun bara amma ba ta daina duba shi ba. Waɗannan duk da an gani, kunya ce kawai zan sha, ko duka.

Abin da ya fi su nauyi na Baba ne. Idanunsa sun fara tafiya, kuma yana ɓoyewa. In ba kowa a shagon sai ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Da ya ji takun mutum sai ya jingina da kujera, ya ci gaba da buga rubutu da ka, kamar mai gani sarai. Takardun da aka rubuta da hannu kuwa ni yake miƙo wa.

"Uwata, karanto mini wannan," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Rubutun yaran yanzu sai ka ce tururuwa ta faɗa tawada."

Ina karantawa yana bugawa. In ya fita, sai in bi aikin layi-layi in gyara inda ya yi kuskure, ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ko Mama ba ta sani ba. Akwai shaguna huɗu irin namu a jerin nan. In maganar ta fita cewa mai buga rubutu ba ya gani, ba ɗalibin da zai sake kawo mana aikin kammala karatunsa. Ni kuma duk na rubuta, har da ranar da ya zuba sukari a gefen kofi ya yi sauri ya share da hannun riga.

A shekarar ne Baba ya sayi modem, ɗan abin nan da ake sa wa layin waya a cusa a jikin kwamfuta don shiga intanet. Bai yi mako biyu ba, wata rana da safe hoton da ke fuskar kwamfutar ya ɓace, ta koma baƙa ƙirin, ga wani rubutu a lungu. Da na zo na karanta masa: kamfanin da ya yi manhajar da kwamfutar ke aiki da ita yana sanar da mu cewa tamu ba ta asali ba ce.

"To wa ya kai musu tsegumi?" in ji Baba.

Mai ɗaure littattafai ya leƙo da allura a baki. "Kai ka kai kanka, Malam. Ka ɗauko ɗan rahoto ka cusa mata a ƙugu, kana tambaya."

"Mutanen da ke bayan teku? Me suka sani game da Bosso?"

"Sun san ka sayi faifansu a kasuwa kusa da masu tumatir."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon 'yar fitilar modem ɗin tana kyaftawa. In sun iya sanin wannan, me kuma suka sani? Daga ranar ba na buɗe Jogirafi sai na zare modem ɗin na ajiye a cikin durowa, na rufe.

Bayan haka kwamfutar ta ƙara lalacewa. Kowane ɗalibi da filas ɗinsa, ɗan abin da ake ɗauko aiki a ciki a cusa wa kwamfuta, kowane filas da cutarsa. Aiki yakan ɓace, ko ta tsaya cik ana tsakiyar rubutu. Ana cikin haka wata ranar Laraba Dakta ta zo. Malama ce a jami'ar, mutuniyar Bida, mu ke buga mata takardun darasi. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ita ma tana cikin fayil ɗina. Na rubuta cewa tana duba aiki daga shafin ƙarshe zuwa na farko, kuma ba ta kallon mutum in tana gaisawa da shi, amma ba abin da ke wuce ta.

Ta jira minti ashirin kwamfutar ta ƙi buɗe aikinta. Sai ta zuge jaka ta fito da wani faifai cikin ambulan.

"Malam, ka gaji da wannan wahala ko ba ka gaji ba? Ga wata manhaja. Cutar filas ba ya kama ta kamar wannan, kuma ba wanda zai aiko maka da baƙin allo. Kyauta ne."

Baba ya karɓa ya jujjuya. "Kyauta daga wa, Dakta?"

"Mutane da yawa, ƙasashe da yawa. Kowa ya sa hannu."

"Ba kamfani?"

"Akwai kamfanoni a ciki, amma ba mai ita shi kaɗai."

"To wa zan ba tukuici?"

Ta yi dariya har gyalenta ya zame. "Ba ni. Ina shan kunun gyaɗa."

"Ni dai abin da ba a san mai shi ba, tsoro yake ba ni. Wancan aƙalla na san wanda ke zagina."

"Wancan ne abin tsoro, Malam, don a rufe yake. Wannan a buɗe take. Kowa a duniya zai iya ganin abin da ke cikinta, ba a ɓoye komai."

Ina zaune a kan benci ina jera takardu. Hannuna ya tsaya. Kowa a duniya. Ba a ɓoye komai. Na kalli faifan a hannun Baba, na kalli kwamfutar. Wancan kamfanin da yake a rufe ma ya gano mu cikin mako biyu, ina ga wadda aka ce tun farko a buɗe take? Na hango masu shagunan jerinmu sun taru a gaban kwamfuta ɗaya, ɗaya yana karantawa da ƙarfi.

Baba ya amince. Suka tsayar da ranar Asabar.

Ranar Alhamis ban fahimci komai a aji ba. Na yi tunanin in buga fayil ɗin a takarda in tafi da shi gida, amma ya haura shafi arba'in, kuma a gidanmu ba inda za a ɓoye takarda ƙannena ba su tono ba. Ba ni da filas nawa. Na yi tunanin in ce wa Baba kada ya yarda, to in ya ce don me, in ce masa me? Na fara zargin Dakta kanta. Me za ta samu? Me ya sa mace mai aiki da mota za ta ɓata Asabar ɗinta a shagonmu a kan kunun gyaɗa? Na tuna ƙanin mijinta yana da shago irin namu a Chanchaga, ta taɓa faɗa.

Ranar Juma'a, da Baba ya tafi masallaci, na saya ƙofa na buɗe Jogirafi. Na karanta shi tun daga farko. Wasu wuraren sun ba ni dariya, har na manta abin da na zo yi. Da na ji an sallame, na goge shi, na shiga kwandon shara na kwamfutar na sake goge shi a can. Rubutun shekara ɗaya da rabi. Baba ya dawo ya tarar ina share injin kwafi da tsumma, ya ce yau kuma tsafta ta motsa.

Asabar da hantsi Dakta ta zo da kwalbar ruwa da tabarau a goshi. Ta sa faifan, kwamfutar ta yi ta gurnani. Baba ya fita sayo mai na janareta don kada wuta ta yanke mana a tsakiya. Muka rage mu biyu. Ina tsaye a bayanta ina bin kowane layi da ya gilma, ina neman inda za a ce an fara aika kayanmu waje.

"Kai, 'yan mata, numfashinka yana dukan wuyana. Zauna mana."

Na zauna. Can dai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Dakta, in an gama, su waye za su riƙa gani?"

"Ganin me?"

"Abin da ke ciki. Kin ce kowa a duniya."

Ta juyo, karo na farko ta dube ni ido cikin ido. Ba ta yi dariya ba, na kuwa ji daɗin hakan.

"Ka san kunun da ake sayarwa a ƙulle a leda? Ka sha dai, ba ka san me aka zuba ba. Wata kuma za ta ce zo ka tsaya a madafa, ga gyaɗa, ga shinkafa, ga tsamiya, in ka ga dama ka je ka dama naka. Wannan ne buɗewar. Yadda aka haɗa ta ne a buɗe. Abin da ka rubuta naka ne, yana nan cikin akwatin nan."

"Ba ya fita?"

"Sai in kai ka fitar. Wancan na da, shi ne ba mu san me yake faɗa wa masu shi ba."

"Ke kin duba yadda aka haɗa ta ɗin?"

"Ni? Ban duba duka ba. Wasu sun duba."

"Su wa?"

"Kai, ashe kana magana haka!"

Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu wadda ta gamsar da ni ba. Amma a lokacin abin da ya cika mini kai shi ne na goge rubutuna a banza. Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Da aka gama, ta fito da wani ɗan akwati baƙi mai igiya daga jakarta ta haɗa da kwamfutar. Fayiloli suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo sai ga shi ya wuce, tsakanin aikin wani ɗalibi da takardar gayyatar biki: Jogirafi zango na biyu.

"Wannan daga ina?" Muryata ta fito siririya.

"Ai tun Alhamis da safe na biyo na kwashe komai, kana makaranta. Ba a irin wannan aiki sai an ajiye kwafi." Ta ci gaba da danne-danne. "Naka ne Jogirafi? Kana da ƙoƙari."

Kwana biyu ke nan yana cikin jakarta. Ya je gidanta, ya je ofishinta. Na dubi gefen fuskarta ina neman alama, ban ga komai ba sai zufa a ƙarƙashin tabarau. Kana da ƙoƙari. A Jogirafi, ko a me?

Baba ya dawo da galan. Kafin Dakta ta tashi ta ba shi kujera, na ga ta shiga wani wuri da sauri ta taɓa abu biyu. Rubutun da ke fuskar kwamfutar duka ya ƙara girma, kibiyar maus ta zama kamar babban yatsa.

Baba ya zauna, ya jingina kamar yadda yake yi a gaban mutane. Sai na ga leɓɓansa suna motsi. Daga inda yake zaune yake karantawa.

"Dakta, rubutun nan nata manya ne."

"Haka take zuwa, Malam," in ji ta, tana naɗe igiya. "Turawan da suka yi ta tsofaffi ne. In ya dame ka a rage."

"A'a, bar shi. Kada mu ɓata musu tsari."

Ba haka take zuwa ba. Na ga yadda ta zo.

Ya aike ni na karɓo mata kunu a kofin silba, ta sha a tsaye, ta ce tsamiya ta yi yawa. Ina ta jira ta kira ni gefe, ko ta yi mini wani kallo. Ba ta yi ba. Wataƙila ta karanta. Wataƙila kuma ta daɗe da lura da kanta, tun kafin in fara rubutawa, mace ce mai ido. Na auna ta haka na auna ta haka, kowanne ya zauna daidai.

Ranar Litinin na goge fayil ɗin karo na biyu, duk da na san akwai wani a cikin baƙin akwatinta, kuma ba ni da bakin da zan ce ta goge. Makonni na yi ina lura da masu shigowa, ina ƙirga fuskokin da suka saba zuwa, ina sauraron hirar masu shagunan jerinmu in sun taru a inuwar mai shinkafa. Ba wanda ya rage zuwa. Ba wanda ya yi maganar ido.

Wata ranar Laraba Dakta ta dawo da takardun darasi. Da can da biro take rubuto su, ƙanana, a cunkushe. Wannan karon da baƙin alƙalami mai kauri ta rubuta, layi ɗaya tsallake ɗaya. Na miƙa hannu zan karɓa kamar kullum, sai ta wuce ni ta ajiye a gaban Baba.

"Malam, gobe da rana nake so. Kai, 'yan mata, matsa mini in zauna."