Noman Sha'awa

Ni aka zaɓa a gidanmu aka kai makarantar boko saboda ni ne ban iya noma ba. Ba ƙazafi nake yi wa kowa ba, Baba da bakinsa ya sha faɗa. Ana gab da samun mulkin kai dagaci ya aiko cewa duk gidan da ke da 'ya'ya maza ya ba da ɗaya. Baba ya dube mu, ni da wana da nake kira Yaya. Shi Yaya tun yana ƙarami yake tsere wa samari in ana noma. Ni kuwa in aka ba ni hauya sai in sare gero in bar ciyawa, ga yawan jin ƙishirwa, ga ciwon ciki da ba ya tashi sai rana ta take. Zaɓin bai ba Baba wahala ba. Aka yi mini aski, aka ɗora ni bayan keke daga ƙauyenmu na wajen Kafinsoli zuwa Kankiya, gandu bai yi asarar komai ba.

Gandu shi ne babbar gonar gida. 'Ya'ya maza su yi aiki a ciki tare da ubansu har azahar, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Wanda yake cikin gandu yana da rabo a ƙasar. Na tafi da wannan sanin, ban kuma taɓa zaton zama a aji zai taɓa shi ba.

Karatu ya karɓe ni yadda gona ta ƙi ni. Daga firamare na wuce sakandare, daga nan jami'a, inda na karanta tarihi. Baba bai taɓa gane wannan ba. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Tarihin wa?" Na fara yi masa bayani, ya ce in bari, in dai gwamnati ta san abin da take biya shi ke nan.

Ta kuwa biya. Na fito da digiri a shekarun da kuɗin mai ya yi yawa har aka rasa inda za a zuba shi, kuma ba zan yi wa digirin butulci ba. Ban nemi aiki ba, aiki ne ya neme ni. Aka ba ni koyarwa a Kankiya, da gidan gwamnati mai fanka, da rancen mota. Ranar da na shiga ƙauye da motar, Baba ya zagaye ta hannuwansa a baya, bai taɓa ta ba, ya koma zaure ya zauna yana kallon masu kallonta. Na yi wa zauren rufin kwano. Na kai Inna asibiti a birni aka duba mata ido. A wurin suna ko ɗaurin aure, ni da ake aika ɗebo ruwa a da, sai ga dattawa suna matsa mini wuri a tabarmar gaba. Ina jin daɗin wannan, ba na ɓoyewa.

Duk damina kuma ina aika abin da za a sallami 'yan ƙwadago a gandu. A nawa tunanin wannan ita ce hauyata, tun da ba ni nan ga masu yi a madadina. Su a gida alheri suka ɗauke shi, irin wanda babban mutum ke yi wa danginsa na ƙauye. Ba wanda ya tambayi wani, don kowa gani yake abin a fili yake.

Da gwiwa ta fara hana Baba zuwa gona, sai ya ce zai raba gandu tun yana da rai. Ya ga yadda 'ya'yan maƙwabcinmu suka tsaya gaban alƙali kan gonar ubansu har suka daina gaisawa, ya ce ba za a yi haka a bayansa ba. Bayan girbi ya kira liman da wasu dattawa, aka aiko mini na zo. Muka bi iyaka daga gamba zuwa gamba, Baba yana dogara sanda, ni ina biye cikin takalmi sau-ciki ina cire ƙarangiya daga wando. Aka ba Yaya babbar jigawar da fadamar. Aka yanka wa ƙannenmu mata nasu. Muka iso gindin aduwar da gonarmu ta ƙare, Baba ya ce alhamdu lillahi, ya nemi wuri ya zauna.

Wani dattijo ya nuna ni da haɓa ya ce wa Baba, "Malam, shi wanga hwa?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Wanga? In ba shi gona in ce mi? In tsaya gaban jama'a in ce karatun da ya kwashe shekara da shekaru yana yi bai iya ci da shi? Ai sai in kunyata shi. Shi gwamnati ka noma mashi."

Kowa ya ce haka ne. Liman dai ya juyo gare ni, don kyautar da uba zai fifita wasu 'ya'ya a cikinta ana son a ji ta bakin wanda aka bari. Ya ce, "Ka yarda?" Na ce na yarda. Rabin zuciyata da gaske ta yarda, don a lokacin albashina na wata ya fi abin da wannan yashin zai ba ni. Ɗaya rabin ta ji ciwo, irin na wanda aka yi biki a gidansu aka aika masa da goro kamar baƙo. Amma Baba karrama ni ya yi, a gaban mutane, da abin da ya fi ƙarfin karramawa a wurinsa. Kafin in hau kwalta a hanyar komawa na manta da zancen.

Daga baya kuɗin mai ya ja baya. Aka mayar da ni Kusada, aka ce ƙarin girma ne. Albashi ya fara makara, in ya zo kuma kasuwa ta riga ta wuce shi. Motar ta nemi wani ƙarfe da ba a samu sai Kano, aka ɗora ta kan duwatsu a bayan gida, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Malaman da ke ƙarƙashina, waɗanda karatunsu bai kai nawa ba, yawancinsu 'yan garin ne masu gonakin gado. In albashi ya makara su buɗe rumbu. Ni shugabansu sai in aika kasuwa a auno mini tiya, in kuma ja kunne kada a ce gidana za a kai.

Ban ce Yaya ya fi ni ba. Fari ya kashe masa sa, ya yi shekara yana huɗa da aron na mutane, kuma duk takardar asibiti ko ta haraji sai ya jira na zo na karanta masa. Bambancin kawai shi ne, in dare ya yi akwai abin da za a daka a gidansa, ba sai wani ya sa hannu a ofis ba.

Maiɗakina ce ta fara faɗa. Wata safiya tana kankare ƙasan tukunya don yara su samu ɗumame, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ka je ka nemi aron gona wajen Yaya." Na yi mata dogon bayani kan cewa abin na ɗan lokaci ne. Ta bar ni na gama, ta ce damina dai ba ta jiran bayani.

Na same shi yana sharar gona. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in fito da maganar. Bai bar ni na ƙarasa ba.

"Haba, kai ma. Ɗauki daga aduwa zuwa hanyar shanu. Ai da kai da ni duk ɗaya ne." Sai ya jingina manjagara a kafaɗa. "Amma Baba hwa? In ya ji yunwa ta maido ka gona, tsohon ga ba ya ƙara hita zaure."

Gaskiya ya faɗa. Baba idonsa ya yi rauni, aikinsa a lokacin shi ne zama a zaure yana ba masu wucewa labarin ɗansa mai digiri. Shi ne abin da ya rage masa na nunawa. Yaya ne ya kawo dabara, ya ce a gaya masa noman sha'awa zan yi, irin na manyan ma'aikata masu son motsa jini. Da aka gaya wa Baba sai ya gyaɗa kai ya ce ai manya haka suke, in sun ƙoshi sai su nemi wahala da kansu.

Na yi noman. Duk ƙarshen mako da duk hutu ina kan keke tsakanin Kusada da ƙauye. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Har yanzu ban iya hauya ba, sai dai a wannan karon na san gero na san ciyawa, don na san wanda zai ci. Yaya ya yi mini huɗa da shanunsa. Masu wucewa kan tsaya su ce sannu da sha'awa, in amsa da fara'a gumi yana shiga mini ido. Ruwa ya yi kyau a shekarar, geron ya fitar da kai masu tsawo. Da na dube shi ana gab da girbi na ga zai kai mu kusa da wata daminar in an yi tattali. Rabon da in yi barci mai nauyi irin na wannan makon har na manta.

Matasa kan tambaye ni yanzu ko digiri yana biya. Nakan ce ya biya ni, don da fanshonsa nake cin abinci, kuma ya nuna mini duniyar da ba zan gani ba daga gindin aduwa. Ba na ƙara komai a kai, saboda sauran ba ya shiga amsa gajera.

Aka girbe, aka ɗaure, aka kwaso dammunan a amalanke aka jibge ƙofar gida, nawa daban da na Yaya. Nufina in kwana washegari a wuce da su Kusada. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, zaure cike da mutane. Baba ya ce a kama hannunsa a kai shi ya taɓa. Ya shafa kan geron, ya murza tsaba a tafinsa, ya kai baki.

"Wanga na wa?"

Aka ce na ɗan boko ne.

Ya juya wajen jama'a fuskarsa ta washe. "Kun gani? Da alƙalami ya iya, da hauya ya iya." Ya sa aka fitar da zakka. Sannan ya ce, "To shi mi za ya yi da gero? Mutumin da shinkahwa ta ishe shi? Ai ladar ta hi mashi." Ya fara kiran gidaje. A kai wa tsohuwar da mijinta ya rasu bara. A kai wa liman. A kai wa makahon bakin kasuwa. A kai wa Filanin da suka yi mana zaman taki. A ajiye na danginmu na Sukuntuni da fari ya taɓa. Samari suna ɗauka, tarin yana raguwa ina tsaye ina kallo.

Yaya ya matso kusa da shi ya rage murya. "Baba, a bar mashi ko kaɗan, yara su sha kunu."

"A bar mashi dami guda," in ji Baba, "ya kai ma ɗiyanshi su ga abin da ubansu ya noma."

Yaya ya dube ni. Kalma ɗaya daga bakina za ta tsayar da komai, ya sani, na sani. Na dubi Baba. Tun da nake ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, ko ranar motar. Na ji tsoron watannin da ke gaba ƙwarai, amma na bar samarin suka ci gaba da ɗauka. Mutane suka fara zuwa suna durƙusawa suna yi mini godiya. Tsohuwar ta zo da kanta ta riƙe hannuna mai kanta tana sa albarka. Wani magidanci ya ce shi kam ya ga aya, bana zai sa ɗansa makaranta, Allah ya ba shi karatu irin nawa. Na ce amin.

Washegari na ɗaure damin a bayan keke na kama hanyar Kusada. Na tarar da maiɗakina a ƙofar gida, ta share ɗakin da za a zuba hatsi tun safe, tsintsiyar tana hannunta. Ta dubi damin. Ta leƙa hanya ta bayana, ta daɗe tana dubawa ko za ta hango amalanke.

Ta ce, "Sauran na tafe?"

Na ce ta kama mini wannan tukuna mu sauke.