Batirin Firijinmu a Sakkwato

Mun tashi bayan sallar asuba daga ƙauyenmu da ke bayan Wamakko, ni da dattijon da ke gadin asibitinmu, ɗauke da batirin firijin allurar rigakafi, za mu kai shi wani ɗakin binciken batura a Sakkwato. Sabon samfuri ne da ake kira litiyam, an ba mu gwaji. Ya kumbura, ya daina riƙe wuta, ga sanƙarau ya shigo ƙauyuka. Allurar muka baro cikin akwatin sanyi da 'yar ƙanƙarar da ta rage.

Saboda wahalar mai, a-kori-kura muka samu, kuɗin mota ya ninka. A shingen shiga gari wani soja ya zunguri kwalin batirin da bakin bindiga, ya tambaya ko bam ne. Direba ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ko hitila ba ya tadawa." Muka wuce Sama Road, layin motoci a gidajen mai ba iyaka. Fura kawai muka sha.

A ɗakin binciken, wani injiniya ya bi aikin daki-daki, abin da ya burge ni. Da farko ya auna ƙarfin batirin. Sannan ya cika shi da wuta ya sauke, yana gwadawa da lafiyayye. Ya nuna mana wata tanda da suke gasa batura don ganin iyakar zafin da suke jurewa. Daga ƙarshe ya zura hannu cikin akwatin gilashi da iska ba ta shiga, ya farke namu. Cikinsa ya yi baƙi.

Ya ce wa dattijon, "Baba, ina kuka aje shi?"

"Ɗaki, ɗana. Sai in ya yi rauni nika hiddo shi in shanya bisa kwano, kamar na rediyo."

Haka duk garinmu ke farfaɗo da batir. Injiniyan ya ce wannan zafi ne ajalinsa, kuma ba su da madadi.

Da la'asar muka iso gida. Ƙanƙara ta narke, allura ta lalace, mata na zaune a baranda da goyo. Ni na fita na ce su koma. Abin da na koyo shi ne, a ba mutum sabon kaya ba a gaya masa abin da ke kashe shi ba, ba a gama kyauta ba. Allurar kuwa, shi dattijon ya haƙa ramin da muka binne ta.