Kwamfutar Kwali ta Mai Kifi

A tashar Goronyo akwai wata mai suyar kifi, ta kusa arba'in, hannuwanta duk tabon mai. Gefen kaskonta ta ajiye kwali, ta zana masa madannan kwamfuta da gawayi. Tana karanta tambayoyin tattalin arziki a tsohon littafi, tana dangwala amsa. Jarrabawar shiga jami'a ta matso, kuma da kwamfuta ake yi. Yadda take laluben madannan, ba ta taɓa danna ta gaske ba. Ina zargin wani ya taɓa yi mata dariya, ta riƙe abin a ranta.

Wani direba ya leƙo. "Inna Asta, mi littafin ya ce?"

"Wai in kifi ya yi yawa, mi ka samun farashi." Ta juya kifinta. "Wagga na san ta tun ina ɗiya. Yatsa nika koya ma."