Ɓarawon Karara

Ina aji na biyu a kwalejin Birnin Ƙonni, malamin da ke koya mana ilimin tsirrai, wanda muke ce wa Mushe, ya ba mu aikin hutu. Ya ce kowa ya tsinko ganye ko fure ko ƴaƴan itace iri ashirin, ya danne su a cikin kaye, wato littafin rubutu, har su bushe, ya rubuta sunan kowane da inda ya samo shi da yadda ake jin sa a hannu. Ƴan ajinmu suka yi ta gunaguni. Ni kuwa murna na yi, don aiki ne da ba sai na yi wa kowa magana ba.

A Badagishiri na yi hutun, wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke noman albasa a fadama. Zafi ya fara shiga, mangwaro ya soma nuna. Kawu yana alfahari da ni fiye da yadda na cancanta. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ɗan kwaleji ne. Wanga ko kaza ba ya kora, karatu kawai." Ni kuma sai in sunkuyar da kai in yi ta kallon yatsun ƙafata har baƙon ya tafi.

Cikin kwana huɗu na tara iri goma sha uku. Na sami zogale da tafasa da tumfafiya da ganyen gawo. Kowane in na kawo sai matar Kawu, wadda nake ce wa Inna, ta gaya mini sunansa ba tare da ta daina daka ba. Ranar Talata bayan la'asar na bi ta bayan wani lambun mangwaro na wani tsoho, sai na hangi wani abu mai yaɗo ya bushe a kan shingen ƙaya. Ƴaƴansa sun lanƙwashe kamar yatsa, an lulluɓe su da gashi ruwan zinariya, suna sheƙi a rana kamar karammiski. Duk abin da na tsinko a baya bai kai shi kyau ba. Na yi ɗage na tsinko uku. Da yake Mushe ya ce a rubuta yadda ake jin abu a hannu, na shafa ɗaya a bayan hannuna. Don in tabbatar, na ƙara shafawa a wuyana. Na ciro bik na rubuta: laushi ƙwarai. Ɗaya na danne a shafi na goma sha huɗu, biyu na jefa cikin aljihun rigata don ko na farko ya lalace.

Wannan ban nuna wa Inna ba. Na ce ni da kaina zan nemo sunansa a littafi in na koma Ƙonni, in ba Mushe mamaki.

Ban kai gida ba abin ya taso. Daga wuya ya fara, ya gangara ƙirji ta inda aljihun yake, ya bi hannu har hamata. Ba irin ƙaiƙayin da ka sani ba ne, wanda in ka sosa ya lafa. Wannan in ka sosa sai ya ji kamar ka kira shi. Na shiga makewayi da bokiti, na dirje jikina da soso da sabulu, na ƙara watsa abin inda da bai kai ba. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake rufe ido: na zubar da ƴaƴan biyu a bayan katanga, na ninke rigar tsaf, hannu a kan hannu, na mayar da ita cikin akwati a tsakiyar wankakkun tufafina, don rabin yini kawai na sa ta.

Washegari wuyana da ƙirjina duk sun yi rudu-rudu, wani wuri ja, wani wuri ya fara ɗurar ruwa saboda susa. Na buɗe shafin ƙarshe na kayen na jera waɗanda nake zargi: kuɗin cizo, ƙurajen zafi, ƙazwa, busasshen kifin da muka ci a miya, sabon sabulun Inna. Kowane na ba shi layinsa da hujjarsa. Bayan na gama na koma shafi na goma sha huɗu na juya abin da yatsa, don Mushe ya ce a riƙa juya su kowace safiya kada su yi fumfuna.

Da yamma muna cin tuwo a zaure, Kawu ya shiga ba wani maƙwabcinmu labari. Ya ce an addabi tsohon nan mai lambu da satar mangwaro, amma tsohon ya ce ba zai je wurin mai gari ba, ba zai bi sawu ba. A nan na fara jin al'adar masu lambun garin: ba sa kashe karara in ta fito a shinge, barin ta suke yi ta yaɗu. Ita ce mai gadi. Wanda ya tsallaka shinge zai kai ƙarar kansa da kansa.

"Ya ce zama kawai zai yi ya ga wa ke susa," in ji Kawu. "Kuma duk ɗan da aka kama, wallahi uban nai ba ya ƙara ɗaga kai cikin garin ga."

Na daɗe ina tattara murya kafin na ce, "Kawu, yaya take, kararar?"

Ya dube ni, ya dubi maƙwabcin, suka tuntsire da dariya. "Kai ɗan lakwal, ɗan boko! Yaron da bai daina tsotson yatsa ba ya san ta. Wata aba ce mai gashi ja-ja, lanƙwashe kamar yatsa. In ka gan ta, sake hanya."

Nan take na gane abin da ke shafi na goma sha huɗu. A lokacin ya kamata in yi magana. Jimla ɗaya ta isa. Amma na duba jimlar a raina na ga ko ni ba zan yarda da ita ba: wai saurayi ya je shingen lambun da ake wa sata, lokacin nunar mangwaro, ya miƙa hannu, ya bar mangwaro ya tsinko karara. Ga kuma maganar ɗaga kai. Ni ba ɗan Kawu ba ne, amma kansa ne zai sunkuya.

Sai na yanke shawarar ɓoyewa. Na ciro riga mai dogon hannu daga akwatin nan, na ɓalla maɓalli har maƙogwaro a cikin wannan zafi. Ban gane cewa kowace riga a akwatin ta samu rabonta ba. Na daina taɓa kayen, amma duk safiya ina sa wa kaina sabuwar karara, a goge, a ninke. Na koyi susa iri-iri da ba za a gane ba. In na zauna sai in jingina da gini in riƙa motsi a hankali kamar mai bitar hadda. In na ɗauki littafi sai gefensa ya riƙa bin wuyana. Kawu ya ce wa wani baƙo, "Dubi, ko zaune yake karatu na motsa shi."

Ranar Juma'a da hantsi na zaci gidan ba kowa. Na zagaya bayan rumbu, na cire rigar, na manna bayana da ginin na shiga gogawa sama da ƙasa, ido rufe. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba. Da na buɗe ido sai ga Inna tsaye da ƙwarya a hannu, kusa da ita akuyar gidan, su biyu suna kallona.

"Juyo," ta ce.

Na juyo. Ta dubi wuyana da ƙirjina, ba ta ko matso ba.

"Karara," ta ce.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta tankaɗe toka mai sanyi, ta zaunar da ni a kan turmi, ta shafe ni da ita a bushe, ta kakkaɓe da tsumma, ta sake. Ta ce ruwa da soso su ne babbar wautar da ake yi. Bayan nan ta shafa mini man shanu inda fata ta ɗaye. Ta kwashe tufafina duka da sanda, ta zuba a tukunyar ruwan zafi. Na zauna fari fat kamar wanda ya faɗo daga murhu, kuma a karo na farko cikin kwana uku jikina ya yi shiru.

Tana juya kayan a tukunya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba ni hwaɗa ma kawunka. Amma ɗana, in mangwaro kake so, ka ce mini. Ba mu rasa ba."

Na ce, "Inna, ba..."

"Yi shiru. Ya wuce. Kowa ya yi ƙuruciya."

Wannan ya fi ƙaiƙayin ciwo. An yafe mini satar da ban yi ba, kuma na san Inna: ba za ta taɓa tayar da maganar ba, saboda haka ba za ta taɓa gogewa ba. Ko na tsufa, in ta ga mangwaro a hannuna sai ta kawar da kai don kada in ji kunya.

Bayan an sauko daga masallaci na ari rigar Kawu, wadda ta kai mini gwiwa, na naɗe kayen a tsohon buhu na nufi lambun. Sau uku ina wuce ƙofar. A na huɗu tsohon ya kira ni.

"Kai mai zarya! In hanya ta ɓace maka, ba ta nan take ba."

Yana zaune a tabarma a gindin mangwaro tare da wani abokinsa, tsohon soja da ya yi zama a garin bayan ya bar aiki. Na durƙusa na gaishe su. Tsohon ya dubi tokar da ta rage a bayan kunnena, ya dubi wuyana, sai ya gyara zama.

"To, to. Soja, ka ga mai gadina ya yi aiki. Ɗan wa ne kai?"

Na faɗi sunan Kawu da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

"Subhanallahi. Ɗan kwalejin da ba ya korar kaza?"

Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na kwance buhun na tura kayen gabansu. Tsohon ya ce shi bai san boko ba, ya miƙa wa Soja. Soja ya lashi yatsa ya fara buɗewa, yana jinjina kai ga zogale da tafasa. Na ga ya kai shafi na goma sha uku ya sake lasar yatsa.

"Kada ka taɓa!"

Ban san ina da irin wannan murya ba. Tsuntsaye suka tashi daga kan itacen. Soja ya janye hannu kamar an harbe shi. Na ɗauki kara na buɗe shafin da shi. Ga ta nan kwance a tsakiyar takarda, an ɗaure ta da zare a wuri biyu, an ja mata layi da jan bik.

Soja ya sunkuya daga nesa yana karantawa yana juyawa da Hausa. "Lamba goma sha huɗu. Talata, bayan la'asar. Shingen lambun mangwaro, gefen gabas, daga waje." Ya ɗago. "Ya ja layi biyu ƙarƙashin daga waje. Suna: ba a sani ba tukuna. Yadda ake jin ta a hannu..." Ya tsaya. Kafaɗunsa suka fara rawa. "Laushi ƙwarai."

Tsohon ya ce, "Mi?"

"Laushi ƙwarai, Alhaji. Haka ya rubuta."

Tsohon ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, hularsa ta gangara. Da ya tashi yana share hawaye ya ce, "Yaro, tsaya in gane. Ka zo shingena, mangwaro na reto bisa kanka, ka bar shi ka ɗauki karara?"

"Uku," na ce, don ban iya barin lissafi ba daidai ba.

"Uku! Soja, shekara nawa kake yawon duniya, ka taɓa ganin ɓarawon karara?"

"A bariki ma ban gani ba."

Tsohon ya tashi ya kaɗo mangwaro shida, ya zuba mini a gaban rigar Kawu. Na yi godiya na juya, sai na tsaya cik. Na dubi kaina: toka a kunne, wuya a ɗaye, ga mangwaron tsoho cike da riga, kuma sai na ratsa gari kafin in kai gida. Tsohon ya ga abin da na gani. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu tahi."

Da na san yadda rakiyar za ta kasance, da wataƙila na zaɓi a ce mini ɓarawo. Bai wuce rumfa ko ƙofar gida ba sai ya tsaya ya ɗaga murya. "Ku shaida, ni na ba shi! Wanga ba ɓarawo ba ne, boko ne ya yi mishi yawa!" Sannan ya ba da labarin tun daga farko, Soja na biye da mu yana cika masa da "laushi ƙwarai". Tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ɗaya ba, sai da muka yi ta har la'asar.

A ƙofar gida Kawu ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ai na hwaɗa muku ko kaza ba ya kora." Inna tana bayan ƙyaure. Da na shiga ta karɓi mangwaron, ta zaɓi wanda ya fi nuna ta wanke ta miƙo mini, wannan karon tana dubana ido cikin ido, tana cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

Ɓarawon gaskiya ba a taɓa ganin ya yi susa ba. Soja ya ce ta ƙofa yake shiga.

Ƙurajen sun ɗauki mako guda kafin su bushe. Kafin in koma Ƙonni na rufe shafi na goma sha huɗu da leda, na ɗinke gefenta da zare, na cike gurbin suna da abin da kowane yaro a Badagishiri ya sani. Layin "laushi ƙwarai" kuwa ban goge shi ba, don gaskiya ne. Na dai ƙara a ƙarƙashinsa, da ƙananan haruffa: da farko.